Yamma Ɗaya a Bakin Tekun Jidda: Shawara ga Mai Fita da Iyali

Yawancin mutanenmu masu zuwa Umara ko aikin Hajji abu biyu suka sani a Jidda: filin jirgi da kasuwa. A sauka, a shiga mota a nufi Makka. Ranar komawa gida a biyo a ƙarasa sayen tsaraba, a ɗaure kaya, a yi awo, a tashi. Alhali ga teku nan shimfiɗe a yammacin garin, tafiyar 'yan mintoci a mota daga filin jirgin. Sai ka ga magidanci ya kashe miliyoyi ya kawo iyalinsa, amma yaran da aka haifa a Katsina ko Damagaram, waɗanda iyakar ruwan da suka sani kududdufin damina ne da madatsar ruwan garinsu, sun zo har gaɓar Bahar Maliya sun juya ba su gan ta ba sai ta tagar jirgi. Abin yana yi mini ciwo, don ba kuɗi ke hanawa ba. Zama a bakin ruwan kyauta ne. Abin da ake buƙata shi ne yamma ɗaya da aka ware tun daga gida, da wuri ɗaya da aka zaɓa, da idon manya a kan yara.

Mutanen Jidda suna kiran wurin Kornish, kuma sunan da za ka gaya wa direba ke nan. Sai dai sunan kaɗai bai isa ba, domin Kornish doguwar hanya ce da ta bi gaɓar teku kimanin kilomita 30, kuma direban da ka ce wa Kornish ka yi shiru zai sauke ku inda ya fi masa sauƙin juyawa. Ka san ɓangaren da kake so kafin ku shiga mota.

Ga mai iyali zaɓi biyu ne. Na farko shi ne ɓangaren arewa da aka sabunta aka buɗe a ƙarshen 2017, wanda ake kira Al-Wajiha al-Bahriyya. Tsawonsa ya haura kilomita 4. Akwai faffaɗan daɓe na masu tafiya a ƙasa, da ciyawa ta zama, da wuraren lilon yara, da bayan gida, da masallatai, da wuraren sayar da abinci, da wata gada ta masu kamun kifi da ta kutsa cikin ruwa. A yankin ne gidan kifaye na Fakieh yake, wanda aka buɗe a 2013, inda ake biyan kuɗi a shiga a ga halittun Bahar Maliya ta bayan gilashi, a kuma kalli wasan dolfin. Idan aka ƙara gaba ta arewa sai Masallacin Rahama, wanda aka gina a 1985 a kan ginshiƙai cikin ruwa, har mutane ke ce masa masallaci mai iyo. Yana da kyawun gani ƙwarai, amma masallaci ne irin sauran masallatai, ba shi da wata falala ta daban, kada wani ya sa ku ku ɗauke shi wurin ziyarar ibada.

Na biyu shi ne unguwar Al-Hamra da ke kudu da can. Daga nan ake kallon feshin ruwan Sarki Fahad, wanda ya fara aiki a 1985, yana tura ruwan teku sama fiye da mita 250, ana haska shi da ɗaruruwan fitilu da dare. Babu irinsa a tsayi a duniya. A nan kuma aka tattara wasu daga cikin sassaƙe-sassaƙen ƙarfe da dutse da tsohon magajin garin Jidda, Muhammad Sa'id Farsi, ya jawo wa birnin a shekarun 1970 da 1980, har da ayyukan Henry Moore da Joan Miró, a fili, ba tikiti.

In kuna da ƙananan yara ko dattijuwa, ku tafi arewa, don komai yana kusa da hannu, kuma keken turawa yana tafiya a daɓen ba gargada. In yaranku sun tasa, sun kai shekarun da abin mamaki ke burge su fiye da lilo, Al-Hamra ta fi. Abin da zan hana shi ne a ce sai an taka duka biyun a dare ɗaya, a haɗa da kasuwa, a haɗa da tsohon gari. Taura biyu ba ta taunuwa. Tsakanin ɓangarorin akwai tazarar kilomita 10 ko fiye, cikin cunkoson motocin dare, kuma yaron da aka ciro daga lilo aka cusa a mota ya gama jin daɗin fitar. Tsohon garin, Al-Balad, da gidajensa na dutsen murjani masu tagogin katako, wanda UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2014, ya cancanci tasa ranar.

Yanzu maganar lokaci, kuma a nan ne baƙi suka fi yin kuskure. Mu mun san zafi, ba za a koya wa mutumin Sakkwato ko Agadas rana ba. Amma zafin da muka sani busasshe ne, gumi ya fito iska ta busar da shi, jiki ya samu sa'ida. Na Jidda jiƙaƙƙe ne. Iskar tana ɗauke da laimar teku, gumi ya fito ya zauna, riga ta manne a baya, mutum ya galabaita bai ankara ba. Daga Yuni zuwa Satumba ma'aunin zafi yakan kusanci digiri 40 da rana, dare ma ba ya yin sanyi sosai. Shi ya sa in ka je Kornish da azahar za ka tarar da shi fayau, masu garin ba sa fitowa sai rana ta yi sanyi. Ku bi sawunsu.

Tsarin da ya fi dacewa shi ne a yi sallar La'asar a masauki, a fita yadda za a isa kamar awa ɗaya kafin faɗuwar rana. A watan Disamba rana tana faɗuwa wajen ƙarfe 5:45 na yamma, a Yuni da Yuli kuwa sai bayan ƙarfe 7. Wannan awa ɗaya ita ce ta yara: akwai haske, ana ganin launin ruwan, ana ganin inda ake taka ƙafa, ba a riga an cika ba, za ku samu wurin shimfiɗa mai kyau kusa da bayan gida da masallaci. Sai rana ta faɗa cikin teku a gaban idonku, domin gaɓar yamma take fuskanta. A Saudiyya ana kiran Isha awa ɗaya da rabi bayan Magariba, a watan azumi awa biyu, saboda haka tsakanin sallolin biyu akwai sararin cin abinci a natse. Bayan Isha masu ƙananan yara su kama hanya, a daidai lokacin da 'yan gari ke fara kwararowa.

Wanda yake da ikon zaɓen wata, hutun makaranta na Disamba ya fi na Agusta nesa ba kusa ba. Daga Disamba zuwa Fabrairu iskar tana da daɗi, da dare har jariri da tsohuwa sukan so abin rufa. Sai dai a tsakanin Nuwamba da Janairu ne Jidda ke samun ɗan ruwan saman da take samu, kuma in ya zo yakan zo da ƙarfi. Ambaliyar Nuwamban 2009 ta ci rayuka fiye da 100, an kuma sake ganin mamakon ruwa a Nuwamban 2022. Idan saƙon gargaɗi ya shigo wayarka, ko ka ga hadari ya haɗo, a fasa fitar, a zauna a masauki. Ta fuskar ranaku kuma, hutun mako a can Juma'a da Asabar ne, don haka daren Alhamis da na Juma'a wurin yakan cika maƙil. Baƙo mai yara ya zaɓi tsakanin Lahadi da Laraba. A watan azumi iyalai da yawa sukan ɗauko abin buɗa-baki su zo bakin ruwa, abin sha'awa ne ƙwarai, amma sai an zo da wuri kafin a samu wuri. Akwai kuma tseren motoci na Formula 1 da aka fara yi a arewacin Kornish a Disamban 2021. A makon tseren ana rufe hanyoyi a wajen, sai a tambayi ma'aikatan masauki kafin a fita.

In daga Makka za ku taso, tafiyar kamar awa ɗaya ce a mota. Jirgin ƙasa na Haramain, wanda ya fara jigila a 2018, yana kai mutum tashar Sulaimaniyya a Jidda cikin kimanin rabin awa, kuma hawansa kansa abin farin ciki ne ga yara. A sayi tikitin zuwa da na dawowa tare, tun da wuri, don kujeru suna ƙarewa. Daga tasha sai a kira mota ta manhajar Uber ko Careem, inda kuɗin ke bayyana kafin a hau. Ka gaya wa jagoran tawagarku inda za ku da lokacin dawowarku, ka tambaye shi abin da bizarku ta yarje, domin ƙa'idar bizar Hajji daban da ta Umara, kuma dokokin suna sauyawa. Kowane babba ya riƙe shaidarsa a jikinsa. Alhazan da ba su yi ɗawafin bankwana ba su tambayi malamin tawaga kafin su bar Makka. Ina kuma roƙo kada a sa wannan fita a ranar tashin jirgi. Mutumin da ke duba agogo yana tunanin awon kaya ba ya ganin teku, kuma ba ya ganin yaransa.

Guzurin ba shi da yawa. Tabarma ko darduma babba, ruwan sha fiye da yadda kuke zaton za ku sha, fulas na shayi, dabino, kayan canji ga kowane yaro, tawul, leda ta zuba shara, da wata jarka ta ruwan daɗi daban don ɗauraye hannu da ƙafa da ido. Ruwan Bahar Maliya ya fi na sauran manyan tekuna gishiri, kimanin giram 40 a kowace lita, inda na sauran yake wajen 35, saboda rana tana shanye shi kuma babu wani kogi mai gudu duk shekara da ke zuba a cikinsa. Ɗigo ɗaya a idon yaro ya isa ya sa shi kuka, kuma yana cizon ƙaramin rauni. Mai ciwon suga ko hawan jini ya sa maganinsa a aljihu. Waya ta kasance da caji, da layin Saudiyya mai aiki. A riƙe 'yan riyaloli a hannu ko da ana da kati, don katin bankin gida yakan ƙi aiki a inda aka fi buƙatarsa.

Sai babbar magana. Mu mutanen tudu ne. Yawancin iyayenmu mata ba su iya ruwa ba, mazan ma kaɗan ne, kuma wanda ya koyi iyo a rafin ƙauye bai san teku ba. Wannan ba abin kunya ba ne, amma abin lissafi ne. Idan yaro ya faɗa, a cikin mutum takwas da suka zo tare wataƙila babu ko ɗaya da zai iya ciro shi. Saboda haka duk aikin yana wajen hana faɗawar.

Kafin a sauka daga mota a raba yara, kowane ƙaramin yaro da babban da ke da alhakinsa, a faɗa da baki kowa ya ji. "Abba, kai da Baffa. Ummi, hannunki cikin na Goggo. Auta yana wurina." Abin da ke jawo ɓacin rana shi ne taron manya inda kowa yake zaton wani na kallo. Uwa tana zuba shayi tana ganin uban yana nan, uban yana waya da gida yana ganin Goggo tana nan. In wanda ke riƙe da yaro zai tashi, ya miƙa shi da magana, ya jira amsa. "Hajiya, ga Auta nan na bar miki." "Na karɓa, Alhaji." Kuma yarinya 'yar shekara 10 ba mai tsaro ba ce. A gida muna goya wa yaya ƙanenta mu tafi unguwa, amma a bakin teku ita ma yarinya ce da abin kallo ya ɗauke wa hankali, kuma bai dace a ɗora mata nauyin da in aka samu akasi za ta ɗauke shi har tsufanta ba.

Akwai wani abu da ban cika jin ana faɗa ba, ga shi kuwa yana faruwa kowace yamma. Makka tana gabas da Jidda, teku tana yamma. Ke nan duk wanda ya fuskanci alƙibla a Kornish ya ba ruwa baya. Da an kira Magariba, a daidai lokacin da haske ke janyewa, sai manya su miƙe gaba ɗaya su tayar da salla a kan shimfiɗa, yara su rage a bayansu, tsakaninsu da ruwa, ba ido ko ɗaya a kansu har a sallame. Kada a yi haka. A yi sallar kashi biyu. Alhaji ya tafi masallaci da manyan yara maza, Hajiya ta zauna da ƙanana. In ya dawo ya zauna a inda take, ya karɓi yaran, ya ajiye waya, har ta je ta yi tata a natse ta dawo. Batun alwala kuma, gaskiya ne ruwan teku yana tsarkakewa a shari'a, amma wannan ba dalili ba ne na gangarawa kan duwatsu da butar hannu. Akwai wurin alwala a masallatai, kuma wanda ya fito da alwalarsa daga masauki ya huta.

Duwatsun nan da aka jibge a bakin gaɓa su ne tarkon. Daga sama ana ganin su a bushe, amma na ƙasa da ruwa ke lasa suna da gansakuka mai santsi kamar miyar kuɓewa, ga kaifi, ga ramuka a tsakani da ƙafa ke shigewa. Samari da 'yan mata sukan tsallake shingen ƙarfe su hau kansu don hoto, su juya wa ruwa baya suna kallon waya. A gaya musu tun a mota cewa shinge shi ne iyaka, kuma uba ya fara kiyaye dokar da kansa, don yaro abin da ya gani yake yi. Kada a zaunar da jariri a kan shingen ana riƙe da shi don a ɗauki hoto. A ƙarƙashin ruwan akwai wata halitta baƙa mai dogayen ƙayoyi da ke karyewa cikin tafin ƙafa, akwai kuma kifi mai dafi da ke kwanciya a ƙasa ba a bambance shi da dutse. Wanda irin wannan kifi ya soka, a tsoma wurin cikin ruwa mai zafi gwargwadon yadda fata za ta jure ba ta ƙone ba, a garzaya asibiti. Kada a tsaga, kada a tsotsa.

Wanka a teku ba a yin sa sai inda hukuma ta ware, inda akwai masu ceto, kuma jami'an tsaron iyaka suna cin tarar wanda ya shiga inda aka hana. Dalilin hanin a fili yake: a gaɓar Jidda ruwan yakan zama marar zurfi a kan shimfiɗar murjani, sai kwatsam ƙasa ta yanke ya zama rami. In kun samu wurin yashi da aka ware, yaro ya tsaya inda ruwa bai wuce gwiwarsa ba, babba yana tsaye inda hannunsa zai kai gare shi. A tuna cewa doguwar riga da hijabi da zani in suka sha ruwa suna nauyi, suna naɗe ƙafa. A kuma san cewa yaron da ruwa ke ci ba ya ihu, ba ya ɗaga hannu yana kira, shiru yake nitsewa cikin ɗan lokaci, don haka kunne ba ya tsaro, ido ke yi. In Allah ya kawo tsautsayi, wanda bai iya ruwa ba kada ya faɗa, don kada a rasa biyu. Ya ɗaga murya, ya miƙa mayafi ko sanda ko ya jefa abin da ke iyo, wani kuma ya kira 911, lambar gaggawa a yankin Makka da Jidda. Ta motar asibiti 997 ce, ta masu tsaron gaɓa 994. A sa su a waya tun kafin a fito.

Ta ɗaya gefen kuma titi ne mai motoci masu gudu. A sauke yara ta ƙofar da ke ɓangaren teku. A cikin wurin ma akwai layin masu keke da na 'yan babura masu lantarki, waɗanda ba a jin ƙararsu, a nuna wa yara layin su san ba wurin wasa ba ne. Don gudun ɓata, a rubuta sunan masauki da lambar wayar Saudiyya a takarda a sa a aljihun kowane yaro ko a ɗaura masa a hannu. A ɗauki hoton yaran da kayan da ke jikinsu a ranar, don shi za a nuna wa jami'i. A koya musu cewa wanda bai ga kowa ba ya tsaya cak inda yake, za a zo a same shi. Akwai masu jin Hausa da yawa a Jidda, amma ba a dogara da sa'a.

Ladabin wuri ba shi da wuya ga wanda ya samu tarbiyya. Iyalai suna zama rukuni-rukuni, a bar tazara tsakanin shimfiɗa da shimfiɗa. Ɗaukar hoton mutane ba da izininsu ba laifi ne a dokar ɗa'a ta ƙasar da ta fara aiki a 2019, ana cin tara a kai, haka ma zubar da shara. Masu ɗaukar bidiyo don 'yan'uwa a gida su karkata wayar zuwa ruwa, su kauce wa matan mutane, su kauce wa fadar sarki da tashar jiragen ruwa da jami'an tsaro. Kada a hura gawayi sai an ga alamar da ta ba da izini. Kyanwoyi suna da yawa a wurin, suna zuwa har kan tabarma, a hana yara damƙarsu.

Ina so in yi magana da maza kai tsaye. Hajiya ta yi makonni tana ɗawafi da goyo, tana wankin yara a banɗakin otal, tana lallashin wanda ya ƙi cin abincin baƙon wuri. Idan aka zo bakin teku ta ƙare da gadin takalma da jakunkuna kai kana can kana zagayawa, to ita ba ta fita ba, wurin aiki kawai aka sauya mata. Ka karɓi jaririn. Ka ce mata, "Maman Ummi, tashi ki taka ke da Goggo, ina nan." Rabin awa ne, kuma za ta daɗe tana tuna shi. Inna ko Kaka kuma a nema mata kujera ko benci mai jingina inda take ganin ruwa, a zuba mata shayi, a turo jikoki kusa da ita.

Domin a bakin dattawa ne wurin yake samun ma'anarsa. Tun shekara ta 26 bayan Hijira, zamanin Halifa Usman ɗan Affan, Jidda ta zama mashigar Makka ta ruwa. Kafin jirgin sama, kakanninmu ta cikin wannan ruwan suka iso. Sukan taso daga Kano ko Katsina ko Damagaram a ƙasa da kan jakuna da raƙuma, su bi ta Barno, su ratsa Wadai da Darfur da Kurdufan, suna tsayawa suna noma ko ƙwadago don neman guzuri, wasu shekara da shekaru, har su kai Sawakin ko Fot Sudan, su shiga jirgin ruwa su tsallake kimanin kilomita 300 zuwa nan. Da yawa ba su ƙarasa ba, da yawa ba su koma ba. Garin Mai Wurno da ke bakin Shuɗin Nilu a Sudan mutanen da suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903 ne suka kafa shi. A Hijaz kuma har yau akwai gidaje masu laƙabin Hausawi, kuma Usama Hausawi ne ya jagoranci 'yan ƙwallon Saudiyya a gasar cin kofin duniya ta 2018. Ka nuna wa yaro yamma ka ce masa Sudan tana can bayan ruwan, gida yana bayanta. Kusan kowane dangi yana da wani kaka da ya tafi Hajji a ƙasa. In Inna ta san sunansa, wannan ne lokacin da za ta faɗa.

Abinci kuwa, wanda ya zo da nasa ya fi kowa sauƙi, kuma haka 'yan gari da yawa suke yi. Yara za su so balila, dafaffen wake irin na can da ake zuba wa tsami da yaji, da masara, da askirim. A tambayi kuɗi kafin a karɓa. Kajin gidan abincin Albaik, wanda a Jidda aka kafa shi a 1974, kowa ya san su, amma layinsu da dare dogo ne, gara a saya kafin a iso. Wanda yake da hali ya ɗanɗana wa iyalinsa kifin wannan teku ko sau ɗaya, da shinkafar sayadiyya da ake dafawa da soyayyiyar albasa har ta yi duhu. A gidajen kifi da awo ake sayarwa, kai za ka zaɓa a auna a gabanka, ka ce a soya ko a gasa. Najil shi ne sarkinsu kuma shi ya fi tsada, sha'ur da harid sun fi sauƙi. Ka ji kuɗin kilo, ka ga abin da sikeli ya nuna, ka tambaya ko an haɗa da kuɗin dafawa da harajin kashi 15 cikin ɗari, kafin kifin ya shiga mai. A cire wa ƙanana ƙaya da hannu. Yaron da bai taɓa cin jatan lande ko ƙaguwa ba a fara ba shi kaɗan, don wasu jikinsu ba ya karɓa, kuma in aka ga leɓe ya kumbura ko numfashi ya sauya sai asibiti nan take.

A tashi tun yara suna da sauran ƙarfin tafiya da ƙafarsu. A ɗauraye musu gishiri da ruwan daɗin nan, a canza musu kaya kafin su shiga sanyin mota, a tattara shara a kai mazubi. Kiran mota a tsakiyar cunkoso yana cin lokaci, ku taka zuwa wani wuri mai suna da direba zai gane, kamar ƙofar masallaci ko gaban wani gidan abinci, ku kira daga nan, ku duba lambar motar kafin kowa ya shiga. Masu komawa Makka a jirgin ƙasa su bar Kornish aƙalla awa ɗaya da rabi kafin lokacin tikitinsu, domin hanyar tasha takan cushe da dare kuma ana rufe ƙofar shiga kafin jirgi ya tashi. Kafin motar ta motsa Alhaji ya juya ya kira sunan kowane yaro ya ji amsarsa, sannan kowane babba ya taɓa aljihunsa ya tabbatar da fasfo da waya.